TARIHIN RABON LAYI A ƘOFAR MA'ADANA: Yadda Linux ya koyi hana babba danne ƙarami



Yau ba darasin "danna nan, danna can" na kawo ba. Tarihi ne, kuma yana da ɗan tsawo, don haka mai sauri ya ajiye shi ya dawo in ya samu sukuni. Amma duk wanda wayarsa ta taɓa sandarewa a daidai lokacin da ake turo masa fim, ko tana tsaka da sauke wani abu, to labarin nan nasa ne.

ABIN DA YA JA NI

Kwanakin baya wani dattijo ɗan kasuwa ya kawo min wayarsa shago. Ya ce, "Injiniya, wayar nan ta gaji. In ana turo min karatu ko hotunan kaya sai ta ƙame, ko kira ba na iya ɗagawa a kan kari. An ce min filashin za a yi mata."

Na ce, "Baba, bari in duba tukuna, kar mu yi gaggawa."

Da na duba sai na tarar an sa mata katin memori mai arha, kuma an haɗe shi da ma'adanar wayar, wato an mai da shi kamar ɗan gida. Irin wannan katin, waya kulle shi take yi da wani mabuɗin sirri da ke cikinta. Ranar da aka yi mata filashin ko aka goge ta, mabuɗin ya tafi, abin da ke kan katin ma ya tafi ke nan, ko a wace waya ka sa shi ba zai buɗu ba. Baba kuwa lissafin bashin da yake bin mutane yana ciki, hotunan shafukan littafi birjik.

RAM ɗinta lafiya lau, batir lafiya, furosesa ba ta ko ɗumi. Abin da ya same ta layi ne ya yi tsawo a ƙofar ma'adana, ƙananan buƙatu suka maƙale a bayan manya. Wannan matsalar kuwa ta girmi wayar Baba nesa ba kusa ba. Masana sun fi shekara 20 suna fama da ita.

INJI ƊAYA, UNGUWA GUDA

Duk wayar Android da ke hannunka, Tecno ce, Infinix, Samsung ko Redmi, a can ƙasan manhajojinta akwai wata uwar manhaja da ake kira kanel. Kanel ɗin Android shi ne Linux, wanda wani ɗalibin Jami'ar Helsinki a ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991. Babu manhajar da take taɓa ma'adana da hannunta. Ko WhatsApp ce za ta ajiye saƙo, ko kyamara za ta ajiye hoto, sai ta miƙa wa kanel, shi zai kai.

Ka ɗauka injin markaɗe ɗaya ne a unguwa. Mai ƙosai ta kawo bokiti biyar na wake. Bayanta ga yarinya da 'yar robar kayan miya, tukunya na kan wuta a gida. In mai injin ya ce wanda ya riga zuwa shi ne a gaba, yarinyar nan sai ta yi awa guda a tsaye saboda aikin minti biyu. In kuma ya ce zai riƙa tsallakawa daga wake zuwa tattasai, daga tattasai zuwa wake, to kowane canji sai ya ɗauraye inji, rabin lokacinsa ya tafi a ɗauraya.

Mai injin shi ne kanel. Mai ƙosai ita ce fim ɗin da ake turo maka. Yarinyar kuma ita ce manhajar da ka danna kana jira ta buɗe. Duk tarihin nan a kan tambaya ɗaya yake: wa za a fara sallama, kuma da wane mudu za a auna rabon kowa?

ZAMANIN FAIFAI MAI JUYAWA

Kafin zuwan ma'adanar filash irin ta waya, kwamfutoci a kan had disk suke ajiya, wato faifai mai juyawa da wata 'yar allura mai karantawa. Faifan da aka fi sani yana juyawa sau 7200 a minti, wato sau 120 a sakan. In bayanan a jere suke, allura ta zauna wuri ɗaya ta yi ta kwasa, ana iya samun sama da 100MB a sakan. In kuma a warwatse suke, kowane ɗan gutsure sai allura ta tashi ta je, ta jira faifai ya juyo, abin da za ta iya bai wuce zirga-zirga ɗari da 'yan kai a sakan ba. In kowace zirga-zirga 4KB ta ɗauko, ka ga ko 1MB ba a haɗa ba.

Ku riƙe wannan da kyau, don a nan wahalar take. Gudun ma'adana ba abu ne tsayayye kamar litar mai ba. Faifai ɗaya ne, amma irin aikin da aka ba shi kan sa gudunsa ya faɗi ninki ɗari. To ta yaya za ka raba abin da kai kanka ba ka san yawansa ba?

Dabarar farko da aka yi ita ce ta lifta. Kamar yadda lifta a dogon bene take kwasar mutane hawa bayan hawa, haka kanel yake jera buƙatu bisa kusancinsu a kan faifai, don allura ta rage kai-komo. Wannan ya ƙara gudu, amma bai damu da waye mai buƙatar ba. Mai babban aiki a jere sai ya mamaye allurar.

Sai wani ɗan ƙasar Denmak, Jens Axboe, wanda shi ne mai kula da wannan sashe na Linux, ya fito da tsarin da ya kira CFQ, ma'anarsa layin adalci ga kowa. Ya shiga kanel a 2004, ya zama shi ne na ka'ida a Linux 2.6.18 a Satumbar 2006. Mudun CFQ lokaci ne. Kowane aiki yana da layinsa, a ba shi faifai na ɗan ƙanƙanin lokaci, kamar kashi ɗaya cikin goma na sakan, ya ci rabonsa ya matsa, a kira na gaba. Har da wata dabara ta ɗan dakatawa: in aiki ya gama buƙata ɗaya, CFQ yakan jira shi na milisakan 8 ko zai kawo wata a kusa, don kar allura ta yi tafiyar banza.

An samu sauƙi, amma da saura. CFQ aiki-aiki yake ƙirgawa, ba gida-gida ba. Da mai ƙosai za ta yi wayo ta aiko yara goma kowa da bokitinsa, rabo goma za ta samu, yarinya ta samu ɗaya. Kuma ko da CFQ ɗin ƙorafi bai ƙare ba. A ƙarshen 2008 aka shigar da wata ƙara a rajistar matsalolin Linux mai lamba 12309, a kan cewa kwafin babban fayil yana sandarar da kwamfuta. Shekaru aka yi mutane suna zuwa ƙarƙashinta suna cewa "ni ma haka". Ciwon wayar Baba ke nan, tun ba a ƙera ta ba.

2006: GOOGLE YA KAWO MAGANAR RUKUNI

Kamfanin Google yana da ɗimbin manyan kwamfutoci, kuma a kan kowace ɗaya yana ɗora ayyuka iri-iri a lokaci guda don kar a yi asarar ƙarfinta. Abin tsoron shi ne wani aiki marar gaggawa ya cinye komai, mai binciken da ke jiran amsa ya yi ta zama. A 2006 injiniyoyinsa biyu, Paul Menage da Rohit Seth, suka fara wani tsari na tara ayyuka rukuni-rukuni, a yi wa kowane rukuni lissafi a matsayin abu ɗaya. A 2007 aka sa masa suna cgroups, wato rukunan da ake sarrafawa, ya shiga Linux 2.6.24 a Janairun 2008. A shekarar ce kuma wayar Android ta farko, HTC Dream, ta fito kasuwa.

Yanzu yaran mai ƙosai goma sun zama gida ɗaya. An samu masu rabon furosesa, an samu na RAM. Na ma'adana ne ya gagara, saboda dalilin nan da na ce ku riƙe.

RIGIMAR 2008 ZUWA 2009

Ba rashin masu mafita ba ne ya kawo jinkiri, yawansu ne. Kusan kowace kusurwa ta duniya sai da aka fito da nata:

1. Ryo Tsuruta daga Japan ya kawo dm-ioband, wanda yake tare buƙatu tun daga sama kafin su isa ga mai jera layi.

2. Andrea Righi daga Italiya ya kawo io-throttle. Shi nasa iyaka ce: kai rukuni kaza, ba za ka wuce kaza a sakan ba, ko da injin yana zaune ba aiki.

3. Fabio Checconi da Paolo Valente, su ma 'yan Italiya, suka kawo BFQ, wanda ba da lokaci yake awo ba, da yawan bayanan da aka yarje maka ka kwasa a kowane zagaye.

4. Vivek Goyal na kamfanin Red Hat, tare da wasu, ya ce a gina abin a cikin mai jera layin shi kansa, a raba lokacin faifai bisa nauyin da aka ba kowane rukuni.

Kowa da hujjarsa. Masu sayar da hayar kwamfuta suna son iyaka, don wanda ya biya kuɗin mudu ɗaya kar ya saba da cin biyu. Masu son a ci moriyar faifai gaba ɗaya suna cewa iyaka ɓarna ce, me zai sa inji ya zauna shiru alhali ga mai jira? An yi ta aiko gyara ana mayarwa sama da shekara, ba wanda ya shiga.

A Oktoban 2009 aka tara su a wani ƙaramin taro a Tokyo. Abin da aka tsayar shi ne duka biyun ana buƙatarsu, rabon nauyi da kuma iyaka, amma su zauna ƙarƙashin inuwa ɗaya, kuma a fara da ƙarami mai sauƙi a cikin CFQ.

2010 DA 2011: NAUYI DA IYAKA

A Fabrairun 2010 Linux 2.6.33 ya fito da mai rabon ma'adana na farko, sunansa blkio, aikin Vivek Goyal. Kowane rukuni yana da wani ɗan fayil mai suna blkio.weight, ka rubuta lamba a ciki daga 100 zuwa 1000, in ba ka taɓa ba 500 ce. In rukuni biyu suna takara, ɗaya 1000 ɗaya 500, na farko zai samu kashi biyu cikin uku na lokacin faifai, na biyu kashi ɗaya. In ɗayan ya yi shiru, ɗayan ya cinye duka, ba a asarar komai.

A Janairun 2011 kuma Linux 2.6.37 ya kawo iyakar, shi ma ta hannun Goyal. Yanzu kana iya cewa wannan rukuni kar ya karanta fiye da 1048576 a sakan daga faifai kaza, wato 1MB, ko kar ya aika buƙata fiye da adadi kaza. Shi dm-ioband bai taɓa shiga babban kanel ba. Aikin Righi ma bai shiga yadda ya kawo shi ba, amma ra'ayinsa na iyaka ya shiga. Haka abin yake a wajen mutanen nan, wani ya share fage, wani ya yi shuka.

Wannan ne ya zama ɗaya daga cikin ginshiƙan da Docker ya hau a 2013, tsarin da kamfanoni suke amfani da shi su cusa manhajoji da yawa a kwamfuta ɗaya kowace a akwatinta.

ƁARAKAR DA AKA BARI

Sai dai fa akwai wani rami babba da kowa ya san da shi. Blkio ya iya rabon karatu, amma yawancin rubutu yana zille masa.

Ga dalili. In manhaja ta ce a rubuta abu, kanel ba nan take yake kai shi ma'adana ba. Yakan ajiye shi a RAM tukuna, ya ce mata "an gama", daga baya wasu ma'aikatansa na cikin gida su kwashe su kai. Shi ya sa in kana kwafin fayil zuwa filash, za ka ga layin nan ya ruga da gudu, ya zo kusan ƙarshe ya tsaya cak. Ba a rubuta ba ne, tarawa aka yi. A ka'idar Linux, abin da aka tara yana iya kaiwa wajen kashi 20 cikin 100 na RAM ɗin da ke akwai kafin a tsayar da mai rubutun a ce ya jira.

To a lokacin da kayan suka iso ƙofar ma'adana, a hannun ɗan dako suke, ba a hannun mai su ba. Mai inji yana ganin bokitai, amma bai san na wane gida ne ba, sai ya rubuta su a lissafin gidansa, inda ba iyaka. Kuma dalilin da ya sa aka kasa gane mai kayan shi ne, a tsohon tsarin cgroups mai lissafin RAM littafinsa daban, mai lissafin ma'adana nasa daban, ba sa duba na juna.

Gyaran nan sai da aka rushe gida aka sake gini. Tejun Heo, ɗan asalin Koriya ta Kudu wanda ya karɓi ragamar cgroups, ya shafe shekaru yana haɗe littattafan su zama ɗaya. A Agustan 2015 Linux 4.2 ya fara iya bin sawun rubutu har zuwa rukunin da ya haddasa shi, sannan a Maris 2016 Linux 4.5 ya ƙaddamar da sabon tsarin a hukumance, wanda ake kira cgroup v2. Blkio ya koma io kawai, iyaka ta koma io.max, nauyi ya koma io.weight mai lamba daga 1 zuwa 10000. Ku lissafa: daga 2010 zuwa 2015, shekara biyar ana rabon da ido ɗaya.

FILASH YA ZO, MUDU YA TSUFA

Ana cikin wannan kuma ƙasa ta juya. Ma'adanar filash, wadda ba ta da allura ba ta da juyi, ta mamaye kasuwa. Manyan irinta suna sallamar dubban ɗaruruwan buƙatu a sakan, kuma da yawa a lokaci guda. Duk dabarun CFQ don allura aka yi su. Jiran milisakan 8 ɗin nan da yake taimako a kan faifai, a kan filash mai sauri asara ce tsagwaronta, don a cikin wannan ɗan lokacin da an sallami wasu da dama.

Jens Axboe da abokan aikinsa suka sake gina hanyar gaba ɗaya da layuka masu yawa maimakon ɗaya, aka kira ta blk-mq, ta shiga Linux 3.13 a Janairun 2014. Sannu a hankali kowa ya koma kanta. A Maris 2019, da fitowar Linux 5.0, aka cire tsohuwar hanyar, CFQ ya tafi tare da ita bayan kusan shekara 15 yana aiki.

Kun tuna BFQ na 'yan Italiyan nan? Tun 2008 aka gabatar da shi, ba a karɓa ba. Paolo Valente, malami a Jami'ar Modena, bai haƙura ba. Ya yi ta gyara, ya yi ta nuna gwajin da kowa zai gane: a cika faifai da kwafin manyan fayiloli, sannan a buɗe manhaja a ga sakan nawa za ta ɗauka. BFQ yana ƙoƙarin gane yarinya mai robar kayan miya ya sa ta gaba. Da ya zo shiga sai aka ce masa tsohuwar hanya tana kan mutuwa, ya je ya sake ɗora shi a kan sabuwa. Ya je ya yi. A Yulin 2017 BFQ ya shiga Linux 4.12. Shekara tara, jama'a. Mai haƙuri shi ke dafa dutse.

ZAMANIN FACEBOOK

Babi na kusa ya fito ne daga kamfanin Facebook, inda Axboe da Heo duk suka koma aiki. Su ma ciwonsu irin na Google ne: kwamfuta ɗaya tana amsa wa jama'a, a bayan fage kuma ana sabunta manhajoji ana kwashe bayanai.

A Oktoban 2018 Linux 4.19 ya zo da io.latency, aikin Josef Bacik. Shi ba ya tambayar MB nawa ka samu. Tambayarsa ita ce, tsawon wane lokaci ka jira? Sai a ce wannan rukuni mai muhimmanci kar jiransa ya wuce kaza. Muddin ana cika masa alkawari, kowa ya yi abin da ya ga dama. Da zarar jiransa ya fara tsawo, sai a matse sauran har ya numfasa.

A Nuwamban 2019 kuma Linux 5.4 ya zo da io.cost na Tejun Heo. Wannan ya koma kan tsohuwar tambayar nan ta mudu. Yana ƙiyasta wa kowace buƙata farashi gwargwadon wahalar da za ta ba ma'adanar: karatu ne ko rubutu, a jere ne ko a warwatse, babba ne ko ƙarami. Sai ya raba farashin bisa nauyin kowane rukuni, yana kuma lura da yadda ma'adanar take amsawa yana gyara lissafinsa. Wato mai inji ya daina ƙirga bokiti, ya koma duba irin wahalar da kowane markaɗe yake ba injinsa.

Ku dubi yadda mudun ya yi ta canzawa: lokaci a 2010, yawan bayanai a sakan a 2011, kason kowane zagaye a 2017, tsawon jira a 2018, farashin wahala a 2019. Duk amsar tambaya ɗaya ake nema.

TO INA WAYARKA A CIKIN WANNAN?

Android ya daɗe yana amfani da cgroups wajen raba furosesa tsakanin manhajar da ke gabanka da waɗanda ke bayan fage. Daga Android 10 a 2019 aka tsara abin a wuri ɗaya, kuma a cikin rukunan akwai na ma'adana, inda ayyukan bayan fage suke da rukuninsu mai ƙaramin nauyi. Sai dai ko rabon zai yi tasiri sosai, ya danganta da yadda kamfanin da ya ƙera wayar ya saita kanel ɗinsa. Shi ya sa waya biyu masu RAM iri ɗaya, ɗaya ta jure turo fim, ɗaya ta ƙame.

In kana son ganin inda taka ta faɗo a tarihin nan, shiga setin, ka nemi About phone, sai Android version, za ka ga Kernel version. In ka ga 4.9, 4.14 ko 4.19, wayarka 'yar zamanin da CFQ yake raye ce. In ka ga 5.4, 5.10, 5.15 ko 6.1 zuwa sama, bayan tafiyarsa aka haife ta.

Amma ga gaskiyar da ya kamata kowa ya sani: rabo ba ya ƙara gudun inji. Kuma akwai wurare uku da wayon kanel yake ƙarewa.

Na ɗaya, da zarar buƙata ta shige cikin katin ko ma'adanar, ta fita daga hannun kanel. Filash ba ya rubutu a kan tsohon rubutu sai ya share babban yanki tukuna. In ya cika ko ya tsufa, yakan tsaya share-share a cikinsa, kowa ya jira, babba da yaro. Kwamfutar hannu ta Nexus 7 ta 2012 ta yi suna a wannan ciwon, sai a Android 4.3 a 2013 aka sa tsarin da yake sanar da ma'adana wuraren da aka goge don ta share su da wuri.

Na biyu, irin ma'adanar. Yawancin wayoyi masu sauƙin kuɗi eMMC ne a cikinsu, wanda hanyarsa ɗaya ce, ko karatu ko rubutu, ba duka a tare ba. UFS, wanda ya fara yaɗuwa daga Galaxy S6 a 2015, yana yin biyun lokaci guda.

Na uku, wani lokacin ƙaramin rubutun manhajar da ke gabanka yakan ɗaure da babban rubutun bayan fage a littafin lissafi ɗaya na tsarin fayiloli, ba zai tabbata ba sai wancan ya sauka. Ka ga an sa yarinya a gaba, amma murfin robarta yana ƙarƙashin bokitin mai ƙosai.

ABIN DA ZA KA IYA YI

1. In za ka sayi katin memori, kar ka tsaya a kan girma da alamar Class 10 kawai. Class 10 alkawarin 10MB a sakan ne a rubutun jere, irin na bidiyo. Manhajoji kuwa ƙananan buƙatu warwatsattsu suke yi. Nemi mai alamar A1, wanda ka'idarsa aƙalla karatu 1500 da rubutu 500 ne a sakan. A2 kuma 4000 da 2000 ne, in na'urar ta san yadda za ta ci moriyarsa.

2. Kar ka haɗe kati mai arha da ma'adanar waya. Bar shi a matsayin na ajiyar fim da karatu kawai.

3. Kar ka bari ma'adana ta cika maƙil. Bar mata wurin juyawa.

4. In ana turo maka manyan fayiloli ko ana sabunta manhajoji, ba ta lokaci. Haka in ka sa sabon kati mai kaya da yawa, wayar sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya ta yi musu rajista, za ta ɗan yi nauyi kafin ta gama.

5. Kafin ka yarda a yi wa wayarka filashin, tambayi mai gyaran ko katinka a haɗe yake, kuma a kwashe maka kayanka tukuna. Mu ma masu gyara mu ji tsoron Allah, ba kowane ƙamewa ne maganinsa filashin ba.

Wayar Baba dai, fina-finan da jikokinsa suka cika ta da su muka fara kwashewa zuwa kwamfuta, muka samu wuri, muka dawo da kayansa ma'adanar cikin gida, sannan muka raba ta da katin muka sa mai A1 a matsayin na ajiya kawai. Ba a yi filashin ba, hoto ko ɗaya bai ɓata ba. Da ya zo karɓa ya ce, "Injiniya, me ya lalace ne?" Na ce, "Baba, ba abin da ya lalace, layi ne ya yi mata yawa." Ya yi dariya ya ce to ai ko a gidan mai haka ake fama.

Ku duba lambar kanel ɗin wayoyinku ku rubuta mana a ƙasa tare da sunan wayar, mu ga zamanin da ya fi yawa a cikinmu. Mai tambaya ma ya ajiye, zan bi in amsa in na tashi daga shago insha Allah. A tura wa wanda aka san wayarsa tana wannan halin kafin ya kai ta filashin.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.